Takwarorina na fadamar Guri

A zamanin da nake tashe, babu ƙauyen da ke bakin kogi daga Haɗejia har Guri da ba ni da takwara a cikinsa. Idan na tsaya a kasuwa aka ƙwala sunana, sai ka ga yara sun taso kamar an buɗe makarantar firamare. Ni ne direban motar asibiti, kuma lambar wayata tana rubuce da gawayi a jikin bangon masu shayi da zaurukan masu unguwa. Mace ta fara naƙuda, ni za a kira. Maciji ya sari manomi a gonar shinkafa, ni za a kira. Wani lokaci ina Kaugama a neme ni a Guri, in juyo da mota ina kunna jiniya, awaki suna tsallake juna. Bayan mako a aiko mini da bandar kifi da goro, a ce an sami ƙaruwa, kuma yaro ya ci sunana. Har na fara tunanin idan na tsaya zaɓe nan gaba, ƙuri'un takwarorina kaɗai sun ishe ni.

Sai aka zo da sabon tsari. Aka ce duk motocin asibiti na yankinmu lamba ɗaya za a riƙa kira, a wani ɗaki da ban taɓa leƙawa ba, su kuma can su duba motar da ta fi kusa su tura ta. Aka bar ni da cikin garin Haɗejia da hanyar Kaugama. Fadama kuwa aka damƙa ta ga wani direba ɗan Malam Madori, aka ajiye shi can kusa da su da mota sabuwa fil, wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba. Tawa kuma sai an lallashe ta da safe kamar mai jin haushin duniya.

Wayata ta yi tsit. Na kai ta wurin mai gyara, ya juya ta ya ce, "Oga, lafiyarta ƙalau, kiranka ne ba a yi." Da damina ta sauka na bi ta gaban wani mai shayi, na tarar ruwa ya wanke lambata daga bango, an rubuta sabuwar da fenti.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin nan ba shi da laifin da zan kama. In mun haɗu a harabar asibiti sai ya rusuna ya ce, "Yaya, barka da hutawa." Hutawa! Ni kuwa in bi bayan motarsa da hanci ina shinshinar ƙamshin banda. Na riƙa lissafa masa jarirai a zuci, kowace mace ya sauke in ce shi ke nan, wani takwaran ya tafi. Matata ta ce ramar da na yi ta fi ta azumi.

Ran nan na ji an haihu a gidan wani masunci da na san iyalinsa, gidan da nake da takwara har biyu. Ba a gayyace ni suna ba, amma na sa babbar riga na hau babur, na ƙarasa a kwalekwale ta cikin ciyawar kacalla. Ina so in ji da kunnena an raɗa sunan ɗan Malam Madori, in san dai an gama da ni.

Liman ya yi addu'a ya faɗi suna. Ba nawa ba ne, kuma ba nasa ba ne. Sunan kakan jaririn ne. Daɗi ya kama ni har na ci waina faranti biyu. Na nufi tsohuwar ungozomar garin, wadda ta sha zama a bayan motata tana yi mini tsawa in rage gudu a kan gargada. Tana zaune a ƙofar gida tana raba goro.

"Iya, ashe dai ba ku manta da ni ba. Sabon direban naku ko takwara ɗaya bai samu ba?"

"Ko ɗaya, ɗan nan."

"Na faɗa! Mota ce kawai gare shi, ba shi da hannu mai albarka."

Ta dube ni ta ƙasan ido, ta ɓantari goro.

"Kai ba ka san al'adar ba duk shekarun nan? Ai yaron da aka haifa a cikin mota shi ake sa wa sunan direba, don a huce masa wankin mota. Shi wannan kafin mu gama ɗaure kaya ya iso, duk a gadon asibiti suke sauka. Kai kuwa, ɗan nan, wa ka taɓa kaiwa asibiti da cikinta?"