An ba makaho keken guragu

Yau da hantsi a tashar Gaya na tarar ana sauko da sabon keken guragu daga saman kar, babbar motar fasinja. Mai kayan kuwa Hamidu ne, ɗan ƙanwata da ke Tanda, makaho tun haihuwa, wanda ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya shiga jami'a.

Na ce, "Hamidu, wa ya aiko ka da keke?"

"Ni aka ba, Kawu. Tallafin ɗalibai masu naƙasa ke nan. Na'urar ɗaukar murya na roƙa don in riƙa naɗar darasi, masu rabon suka ce keke aka sayo wa kowa."

"Ba ka ce musu ƙafafunka lafiya lau ba?"

"Na faɗa. Suka ce in hau tukuna a ɗauki hoto."

Yaron nan da kunne yake karatu. Bara ya faɗi jarrabawa, in ya sake faɗuwa korarsa za a yi.

Da irin masu wannan rabo na zauna aji ɗaya. Sun iya karatu, tambayar mutum abin da yake buƙata ce ta gagare su.

Wanda ya san inda ake musayar keke da na'ura, don Allah ya faɗa mini kafin hutun jami'a ya ƙare.