Ranar da Aka Zo Kama Zoɓon Kawu Isyaka

Duk wanda ya taɓa cin abinci a shagonmu na unguwar Sultana a Madina ya san Kawu Isyaka ba ya shan zoɓo kamar mutane. Sai ya zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi, ya jujjuya, ya cusa dogon hancin nan nasa ciki, ya lumshe ido. Ni Sale, ɗan ƙanwarsa ne, na tsufa a kan tukunya ina kallon wannan tsirfa.

A Injamena ya kwaso ta, lokacin yana kukun wani Bafaranshe. Mutumin yana da wata jar giya da aka haɗa da inabi iri uku, wai ɗaya ƙarfi, ɗaya taushi, ɗaya ƙamshi. Kawu ya rantse ko ɗigo bai taɓa shiga bakinsa ba, da hanci kawai yake gane wadda za ta bi naman rago. Da ya zo Madina sai ya juye ilimin a kan zoɓo: baƙin Sudan mai bauri, jan Chadi mai tsami, na Kano don ƙamshi, sukari kuwa kamar ana rowa.

Matsalar ita ce bakinsa. Ko a gaban wa sai ya ɗaga kofi ya ce, "Sak ta Bafaranshe!"

Na ce, "Kawu, Madina ce fa. Bakin nan zai ci maka iƙama, takardar zamanka, su ɗora ka a jirgi."

Ya ce, "Nasara ne ya ɓata, hancina bai ɓata ba."

Ga taurin kai! Wani direban tasi, mutumin Maraɗi, ya sayi soyayyen kifi ya ce a ba shi zoɓo. Kawu ya dafe kwalba.

"Ba da kifi ba. Bauri da ƙarni ba sa shiri."

"Tsoho, cikina ne ko naka?"

"Cikinka ne, zoɓona ne."

Haka bawan Allah ya kora da ruwa.

To, abin da nake tsoro ya zo. Wani ya kai ƙara wai tsoho yana haɗa giya a bayan shago. Bayan azahar sai ga mufattishi, jami'in bincike, da takarda a hannu. Matashi ne, jikan mutanenmu, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya buɗe firji ya ga kwalabe jere, ja har ya koma baƙi.

Ya shinshina, ya zuba zai ɗanɗana. Kawu ya riƙe masa hannu. Hannun hukuma, jama'a!

"A'a, ɗana, ba a shan sa a tsaye. Sale, kawo gasasshen rago, wajen kitse."

Na ce a raina shi ke nan, har da ni za a kwashe.

Kawu ya zaunar da shi, ya sa ya tauna nama, ya kurɓa, ya riƙe a baki.

"Ka ji ya wanke kitsen? Ka ji kamar busasshen inabi can ƙarshen harshe?"

Mufattishi ya haɗiye. Can sai Hausa ta ƙwace masa: "Irin na kakata."

"Madalla da ita! Da me take sha?"

"Da kifi."

"Allah ya gafarta mata."

Yaron ya yi dariya har ya ƙware. Ya ɗebi kaɗan aka je aka gwada, ya fito zoɓo tsantsa. Kawu ya liƙa takardar sakamakon a bango, duk wanda ya shigo sai ya ja shi: "Karanta! Hukuma ta sha, ta nemi ƙari!"

Babu wanda ya ɗora shi a jirgi har Allah ya karɓi ransa. A Harami aka sallace shi, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, mufattishin nan yana cikin masu ɗaukar makara, yana kuka kamar ubansa ne ya rasu.

Allah ya jiƙan ka, Kawu. Ka tsare bakinka daga giyar duniya, Allah ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.