Rumbun da Aka Taya

In mun dawo daga sito a unguwar Sulay ta Riyad, bayan mun wuni muna sauke kwalaye, ba ni da ƙarfin gardama kan tashar talabijin. Abin da Lawali abokin ɗakina ya kunna shi nake kallo. Shi kuwa ya mutu kan wani shiri na Turawa: a datse kwaɗon ɗakin ajiyar da mai shi ya ɓace, mutane su leƙa daga bakin ƙofa, su hau tayi.

"Wallahi akwai zinari a akwatin can! Kam? Nawa aka taya? Ƙara mana!" Haka yake yi wa talabijin ihu, kamar da kuɗinsa ake tayin. Ni dai shirin nan gajiya yake ƙara mini, don duk sa'ad da aka ɗaga ƙofar sai na tuna Kaka Tabawa.

A ƙauyenmu, gabas da Maraɗi, ita ke tara mu bayan tuwo a gefen murhu, tana gasa gyaɗa a toka tana hana mu ɗauka. "Ga wata nan tafe, ku matso," in ji ta, "mai gyangyaɗi ba shi da gyaɗa."

Labarin wani mutum ne da zai tafi cin rani. Ya liƙe bakin rumbunsa da laka, ya danna tafin hannunsa a kai tun tana ɗanya, yadda ake yi a san rumbu da mai shi. Shekara bakwai bai dawo ba. Mutanen gari suka fara zagaya rumbun, wani ya ƙwanƙwasa, wani ya kara kunne. Wannan ya ce gero ne maƙil, wancan ya ce azurfa. Aka shiga tayi gaban mai gari, har wani mahauci ya ba da sansa. Ya fasa lakar, ya tarar da tabarma, da gora, da dami ɗaya na iri.

Mu yara mu fashe da dariya, mahauci ya yi asara. Sai ta ɗaga mana hannu.

"Ba a gama ba, 'yan nema. Kwana uku da fasawa mai rumbu ya iso. Ya tsaya ya dubi lakar a ƙasa, tafin hannunsa ya rabu biyu. Bai zagi kowa ba. Ko ruwa bai sha ba, ya juya."

"Kaka, ina ya tafi?"

"Wa ya sani? Abin da ke jawo shi gida an buɗe. Ta ƙare nan, kowa ya kaɗe rigarsa."

A lokacin na ɗauka darasin shi ne kada ka sayi abin da ba ka gani ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa ni ne zan zama mai rumbun ba.

Ran da zan taho Riyad na sa wa ɗakina kwaɗo, na ce shekara biyu. Bana sha ɗaya ke nan. Kaka ta rasu ina nan ina jiran kafili, ubangidana na aiki, ya sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Makon jiya ƙanena Sani ya aiko da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka yi haƙuri. Yara sun yi yawa, ɗakinka kuma yana nan rufe. In ka yarda mu fasa."

Na saurara sau uku. Na so in ce ya bari sai bayan Sallah, amma na faɗa masa haka Sallah da yawa, har ni kaina na gaji da jin ta. Na ce ya fasa.

Jiya ya turo hoto. Katifa da gara ta ci, rediyo, takalmin ƙwallo ƙafa ɗaya. Na miƙa wa Lawali wayar, na ce nawa zai taya. Ya duba, ya dube ni, ya rage muryar talabijin.

Makullin yana nan a jakata, bayan iƙama. Da safe na ciro shi zan jefar, sai ga motar aiki ta iso, na mayar.