Yatsun Yaya Sale

Da daminar shekarar da aka kawo shari'a, wata ranar Laraba, na kai wa Yaya Sale ɗumame a ɗakin karatun garinmu, kusa da Kiyawa. Ruwa ya bi ta rufin kwano ya jiƙa tsofaffin takardun ajami da ke ajiye a wurin. Na tarar ya shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, yana raba takardun da bakin wuƙa yana shanyawa, yadda aka koya masa.

Shi kaɗai ya yi boko mai zurfi a gidanmu; ni tallan gyaɗa nake yi da kiwon awaki. Aikin kula da ɗakin karatu ya karanta a Kano. Da aka ce kowa ya zaɓi ɓangarensa, abokinsa Bulus ya ɗauki kwamfuta, shi ya ɗauki gyaran tsofaffin littattafai. Bulus ya samu ofis mai fanka a Dutse, Yaya ya samu allura da zare da ƙaro. Baba yakan ce, "Ashe geronmu muka sayar don ka zama tela." Yaya sai ya yi murmushi.

Ina buɗe kwanon ɗumamen iska ta taso, ta kwashi takardun ta watsa a titi. Masu dawowa daga gona suka ga baƙaƙen Larabci cikin taɓo, wani ya ce ɗan boko ya zubar da Alƙur'ani. Waƙoƙin mutanen da ne, amma ba wanda ya tsaya karantawa. Suka rufe Yaya da duka yana durƙushe yana tsincewa. Ya kife a kan takardun, ya danne su da hannuwa, nan ƙotar fartanya ta same shi a yatsu. Na ji ƙarar ƙashi, na ga jini yana bin ruwan kwata. Sai da liman ya iso ya ɗaga takarda ɗaya ya karanta da ƙarfi, sannan kowa ya sulale.

An ɗora yatsun a Jahun, sun warke a karkace, ba su ƙara riƙe allura ba. Hatsi yake sayarwa yanzu, Bulus kuwa ya zama babba a ma'aikata. Da na shiga yaƙi da jahilci bayan haihuwata ta uku, littafina ya yage, Yaya ya zauna gefena ina ɗinkewa. "Ja zaren a hankali, Talatu, takarda ba fata ba ce."

'Ya'yana a waya suke karatu. Ni dai har yau in hadari ya haɗo, takardu nake fara kwashewa kafin shanya.