Ba Kai Ka Ɓata Aikin Ba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa muka nufa. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran abokin aikina, wanda duk ofis ke kira Don-Me, bayan zazzaɓin da ko mako bai yi a jikinsa ba. Don-Me, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ta dace da halinka. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba da mutuwa nake fushi ba.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aikin rubuta manhaja, ni da kai, mun fito daga jami'a da ɗuminmu. Aka haɗa mu tebur a lungu, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa, aka ce muna kan gwaji sai an ga kamun ludayinmu. Aka kuma ce, "Ku yi ta tambaya, nan gida ne." Ni na gane maganar fatar baki ce, na ja bakina na tsuke. Kai kuwa, bawan Allah, ka ɗauka da gaske. Don me aka rubuta wannan haka? Don me ba a gwada wancan? Har sunan ya bi ka, kana amsawa kana dariya.

A makaranta mun saba da ɗan aikin da mutum zai rubuta shi kaɗai ya miƙa wa malami. A nan muka tarar da tulin rubutun mutanen da suka bar kamfanin tun muna sakandare, ba mai yi maka bayani. Kowace safiya ana taron tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, ni kuwa ko tayar da manhajar a kwamfutata na kasa. Ka lura. Ka ɗaga hannu ka yi tambayar da nake jin kunyar yi, kamar taka ce. Aka yi maka dariya, ni na samu amsa. Haka ka yi ta yi mini, kuma ko sau ɗaya ba ka goranta ba.

Mahaifiyarka kuwa, Mama, ta gaya wa maƙwabta ɗanta mai gyaran kwamfuta ne, suka yi ta kawo maka matattun wayoyi. Ba ka taɓa cewa ba aikinka ba ne. Sai ka zo da su ofis ka yi ta fama a lokacin hutun rana. Har yanzu rediyon wata tsohuwa na cikin aljihun teburinka, an kwance bayansa.

To, ga abin da ke ci mini rai. Manhajarmu ita ke nuna wa direbobi inda za su kai kaya. Ana gab da ka kwanta ciwo, shugaban sashenmu ya tsaya a kanka ya ce ka saki wani sabon gyara ga masu amfani da ita. Ina zaune a gefenka. Ka ce, "Yallaɓai, ba a gwada shi ba fa. A bar ni zuwa gobe." Ya ce, "Kai dai ka cika tambaya. Saki kawai, ni na ce." Ka saki. A aikinmu kuwa, wanda ya danna maɓallin saki shi ne sunansa ke manne da gyaran, mai ba da umarni da baki ba ya barin sawu.

Abin bai fashe ba sai bayan mun binne ka. Adireshi suka cakuɗe, direbobi suka wuni suna gararamba da kayan mutane, manya suka nemi wanda ya jawo. Aka kira taro. Kafin a shiga, shugaban ya tare ni a bakin matakala ya ce, "Ke ma kan gwaji kike. Wanda ya tafi ya tafi, ba abin da zai rage shi." Na gane sarai abin da yake nufi, ya kuma san ina da ƙanne a wuyana.

Da addu'a aka buɗe taron, wallahi, har da sunkuyar da kai. Ba mu gama shafawa ba aka haska sunanka a bango. Shugaban ya ce, "Kuskuren sabon shiga ne, Allah ya jiƙansa. Gaggawa ce irin ta yara." Gaggawa! Kai da ake yi wa ba'a don ka ƙi gaggawa! Mutum da girmansa, da furfurarsa, ya rasa bayan da zai ɓuya sai na yaron da ke kabari. Wannan rashin tsoron Allah ne, ba shi da wani suna.

Na miƙe na ce, "Ina wurin. Ya roƙi a bar shi ya gwada, yallaɓai ya hana." Kowa ya dubi kwamfutarsa. Tun ranar an janye aikin da ke hannuna, wasu ko gaisuwata ba sa amsawa sai sun waiga. Mako mai zuwa za a faɗi sakamakon gwajina. Tsoro kam ina ji, amma su yanke abin da suka ga dama.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da yayarka, da ƙannenka, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mama, idan wata rana magana ta iso miki cewa ɗanki ya ɓata aiki kafin ya tafi, kada ki saurara. Da kunnena na ji shi yana roƙon a yi abin da ya dace. Na faɗa a gabansu, kuma zan maimaita a gaban Allah.