Shekarar da Ban Gane Kaina Ba

Assalamu alaikum. Na san na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu turo saƙo suna tambaya ko na bar Abuja ne, ina nan. Jinya na yi.

Da zufa abin ya fara. A ofishinmu na ma'aikata kowa na jan mayafi saboda sanyin na'urar esi, ni kuwa ina fifita da fayil. Sai hannuna ya soma rawa. Ranar da na kasa sa hannu a takarda, oga ya dube ni ya ce, "Hajiya Rakiya, azumi kike yi ne?"

Ba azumi nake ba. Ci nake sosai, amma kullum ramewa nake.

Asibitin farko suka ce taifot da maleriya. Na shanye magani, babu sauƙi. Na biyu, wani na kuɗi a Utako, suka ce olsa ce. A na uku likita ya saurari ƙirjina ya ce zuciyata gudu take, damuwa ce, in rage tunani. Wane tunani? Ni ban san ina da damuwa ba sai da ya faɗa.

Ƙanwar maigidana ta kawo rubutu da hayaƙi, ta ce iska ce. Na sha, na turara. A lokacin duk abin da aka ce in yi, yi nake, don na rasa wanda zan gaskata.

Halina ya fi ramar ba ni tsoro. Ni da ban iya ɗaga murya ba, na koma faɗa a kan cokali. Wata rana na yi wa Baban Hanifa, maigidana, tsawa a gaban yara, wai don ya sayo kifi a kasuwar Kado bai tambaye ni ba. Ya ajiye ledar a hankali ya ce, "Maman Hanifa, ke ce kuwa?"

Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan.

Daga baya idanuna suka firfito. Mai gadin ofis da ya san ni shekara da shekaru ya tsayar da ni a ƙofa, ya dubi katina na shaida, ya dubi fuskata, ya sake duban katin. Ban shiga ba, na juya gida.

Salla ma ta rikice mini. Ina tsaye sai in rasa raka'a ta nawa nake. Na kira Innata a Zariya ina kuka, na ce, "Inna, anya Allah bai yi fushi da ni ba? Dā in na yi addu'a ina jin sanyi a raina. Yanzu ba na jin komai."

Ta ce, "Ke kika daina ji, Shi bai daina ji ba. Wanda kika roƙa kina da ƙarfinki Ya amsa miki, Shi ne dai yau. Likitoci su yi ta canja magana, jikinki ya yi ta canjawa. Shi ba Ya canjawa, ba Ya mantuwa. Tashi ki yi alwala."

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take hankalina ya kwanta ba. Bai kwanta ba. Amma na samu abu ɗaya da ba zan tashi gobe a ce mini ba haka yake ba. A layin karɓar kati, a ɗakin ɗaukar jini, "Ya Hayyu Ya Ƙayyum" kawai nake maimaitawa, don shi kaɗai kaina ke iya riƙewa.

A wani asibitin gwamnati ne wata likita ta daɗe tana kallon wuyana. Ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye, ta shafa maƙogwarona, ta rubuta gwajin jini. Inshorar ofis ba ta ɗauki gwajin ba, sai da na sayar da 'yan kunnena.

Da sakamako ya fito ta ce, "Tayirod ce, wani ɗan abu a wuya da ke aiki fiye da kima. Shi ya kawo zufar, da rawar hannun, har faɗan. Hajiya, ba hauka kike ba."

Na kife kai a teburinta na yi kuka.

Maganin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Wannan watan a ƙara, wancan a rage. Akwai lokacin da ya yi mini yawa, na koma jin sanyi da barci, na yi ƙiba har kayana suka matse ni. Da na koma aiki kuma, an canja oga, an haɗe sashenmu da wani, teburina yana wani bene.

Yanzu alhamdu lillahi jinina ya daidaita. Idanun ba su gama komawa ba, likita ta ce wataƙila su koma, wataƙila a'a.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da likitar nan, da Baban Hanifa da ya haƙura da matar da bai sani ba. Masu yi mini addu'a ba su ma san me ke damuna ba, Allah ya saka muku da alheri.

Don Allah, in kina ramewa alhali kina ci, ga zufa, ga bugun zuciya, ki ce a gwada miki tayirod. Ki riƙa tafiya da sakamakon gwaje-gwajenki duk asibitin da za ki. Kada ki daina magani don kin ji sauƙi. In kuma wani naku ya canja hali rana ɗaya, ku kai shi asibiti kafin ku yi fushi da shi.

Wata mai zuwa ina da wani gwajin. Ban san me zai nuna ba, kuma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Amma ko me ya nuna, na san Wanda zan kai wa kukana, kuma na san inda zan same Shi.