Man Tarakta da Ranar Zabarmari

Ƙanena ya sayi wata 'yar tarakta ta hannu, irin wadda Turawa ke gyaran lambu da ita, mai bokitin ɗibar ƙasa a gaba. Gonar shinkafarsa tana Zabarmari, cikin kwari, kuma duk shekara sai an ɗaga mata bangon ƙasa kafin kogi ya kawo, in ba haka ba ruwa ya shanye shukar. A da mutanen ƙauye ke wannan aiki da kwanduna. Yanzu da yawansu sun watse saboda hare-haren 'yan bindiga, sauran kuma ba sa yarda su yi nisa da titi.

Kwana biyu ta yi aiki lafiya. A na uku, da rana ta take, sai bokitin ya fara tashi da ƙyar, ya tsaya a rabi yana karkarwa kamar hannun tsoho. Na taɓa tankin man da ke ɗaga shi, sai da na yarfe yatsuna.

Ni aka sa a gaba, don na yi shekaru cikin injinan noma a Sudan da Chadi. Muka ɗauko wani makanike daga Bulabulin. Muka canza filtar da ke tace man. Muka busa ƙura da ƙaiƙayin da suka toshe wurin da iska ke sanyaya man. Muka tsiyaye man, ya fito baƙi yana warin ƙauri, muka zuba sabo. Akwai rubutun gargaɗi a jikin tankin. Ina jin Larabci da Faransanci, ban da Hausa da Barbarci, amma wannan yaren ban taɓa gamuwa da shi ba. Na dai fahimci an ƙera ta ne don ƙasar da rana ba ta cizo.

Daga baya muka riƙa lulluɓe tankin da jiƙaƙƙen buhu, yadda makiyaya ke sanyaya salka. Buhun ya bushe, mu sake jiƙawa. Makaniken ya dube ni ya ce, "Baba, noma muka zo yi ko jinyar mai zazzaɓi?"

Maganin kuwa na san shi tun ranar da matsalar ta fara. A Sudan muna tayar da inji bayan sallar asuba, mu kashe shi da hantsi, sai bayan la'asar mu koma. Amma a nan ba a buɗe shingen da jami'an tsaro suka kafa a hanyar gona sai rana ta ɗaga, kuma dole kowa ya fito kafin la'asar. Sa'o'in da aka bar mana su ne waɗanda inji bai kamata ya motsa ba.

Ƙanena ya je ya roƙi masu gadin shingen. Suka saurare shi da mutunci, suka tuna masa da manoman da suka yi sammako a baya ba su dawo ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Haka muka yi ta yi: aiki kaɗan, jira mai tsawo, muna zaune a inuwar taya muna kallon gizagizai na haɗuwa daga gabas.

Ranar da ruwa ya iso, bangon gefen arewa ko gwiwa bai kai ba. Muka janyo taraktar kan tudu. Ƙanena ya daɗe yana kallon kan shinkafar yana nutsewa, sannan ya ɗora tafinsa a kan tankin.

"Yaya," ya ce, "ga shi ta huce."